Idan mota ta ce tana zazzaɓi

Mu 'yan ajin lantarki da ke zuwa gareji ranar Asabar koyon aiki, babu motar da ke sa mu nutsu irin mai aiki da fetur da batir a haɗe, kamar Toyota Prius da aka fara sayarwa a Japan a 1997. A gabanta akwai wani akwati da ake kira inbata. Shi ke juya wutar batir mai tafiya hanya ɗaya ta koma mai kai-komo, wadda injin lantarki ke buƙata. Aikin yana haifar da zafi sosai, shi ya sa aka dasa masa sensa mai auna zafi. Da zafin ya wuce kima, sai kwamfutar motar ta rage mata ƙarfi don kada inbatan ya ƙone.

To amma sensa ma yana ƙarya. A nan ne mai mota kan yi asara, a ce masa ya sayi sabon inbata alhali waya ɗaya ce ta tsinke.

Yawancin sensocin nan, yayin da suke ɗumama, turjiyar da suke yi wa wuta raguwa take. Idan wayar ta tsinke, wuta ba ta wucewa, sai kwamfuta ta ɗauka sanyi ne na fitar hankali, sau da yawa ta nuna digiri 40 ƙasa da sifili. A Kano kuwa, a watan Afrilu! Idan wayoyin suka haɗu da juna, sai ta nuna zafin da ya wuce na tafasar ruwa, ko da motar ba ta motsa ba.

Gwajin da muka fi so bai da wuya. A bar motar ta kwana, da safe a jona na'urar bincike kafin a tuƙa ta. Duk sensocin ya kamata su nuna zafi kusan ɗaya da na gari. Wanda ya fita daban, shi za a fara tuhuma, da soketinsa, don tsatsa da ƙura suna ɓata lissafi.

Idan kuma da safe lafiya lau, sai an yi tafiya zafin ke hawa, to sensa gaskiya yake faɗa. Inbata yana da ruwan sanyaya nasa daban da na inji, da ɗan famfon lantarki mai zagaya shi. A Prius na 2004 zuwa 2009 famfon nan ya yi suna wajen mutuwa. Mukan leƙa tankin ruwan motar tana kunne: in ruwan bai motsi, famfo ya tsaya.

Wayoyi masu ruwan lemo kam ba ma taɓawa. Batirin wannan Prius ya haura bolt 200, kuma inbata yana riƙe wuta bayan an kashe mota. Oga ne ke sa safar hannu ta roba, ya zare filogin batir, ya jira minti goma, ya auna da mita, sannan ya ce mu matso.