Maganar ɗura dai har yanzu

Jama'a, yau ma sai na faɗa, wanda zai ji haushi ya ji. Ɗazu na dawo daga gidan suna a nan Hardawa raina a ɓace. Ana cikin hira wata yarinya mai goyon fari ta kwantar da ɗanta a cinya, yaron ko wata huɗu bai cika ba, ta tara tafin hannu a bakinsa ta shiga zuba koko. Da ya ƙi haɗiya sai wata dattijuwa ta ce, "Toshe masa hanci mana, 'yar nan, ai zai buɗe." Yaro ya ƙware, ya yi ta tari, mata kuwa sai dariya, wai ya ga abinci yana iya shege.

Kun san ba yau na fara ƙorafi a kan ɗura ba. Tun ina goyon Auta na yi rubutu, aka yi mini caa wai boko ya juya mini kai. Ni ba likita ba ce, abin da aka koya mana wajen awo da rigakafi shi nake maimaitawa. Hanyar abinci da ta numfashi a maƙogwaro kusa suke da juna. Yaron da ke tsala kuka, an toshe masa hanci, yana neman iska, kunun nan yana iya bin hanyar iska ya sauka a huhu. Bayan kwana biyu sai zazzaɓi da numfashi sama-sama, a nemi mota zuwa Misau ko asibitin tarayya na Azare, a hanya ana cewa sanyi ne ya kama shi. Ba wanda zai tuna da kokon.

Kuma ma me ya kai ɗan wata huɗu ga koko? Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ce nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a ba shi. Na san me za ku ce: zafin watan Afrilu a ƙasar nan, a hana jariri ruwa? Nonon kansa fiye da kashi 80 cikin 100 ruwa ne. Uwa ta sha, ta yawaita ba shi mama. Ruwan randa da muke ɗura masa shi ke kawo zawon da muke ɗora wa haƙori.

In ya cika wata 6, ya fara zama, yana bin lomarki da ido, lokaci ya yi. A zaunar da shi, a ba shi da ƙaramin cokali, cokali biyu ko uku, sau biyu zuwa uku a rana. Daga wata 9 a mai da shi sau uku ko huɗu. Kunun ya yi kaurin da zai tsaya a cokali, don tsararo ciki kawai yake cikawa. Ni gero nake soyawa sama-sama da waken suya da gyaɗa, a niƙa tare, wanda ma'aikatan asibiti ke kira Tom Brown. Wata rana kabewa da ɗan manja, wata rana dafaffen ƙwai a murmushe, ko garin zogale, ko busasshen kifi in an cire ƙaya. Wai mai cin ƙwai ɓarawo zai zama! Sai mu kai ƙwan kajinmu kasuwa mu sayo biskit. Zuma kuwa a bari sai ya shekara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne daɗin da muke hana kanmu. Wallahi ranar da Auta ta fara ɗanɗana kabewa ta yamutsa fuska, ta tofar, ta sake miƙo baki, gidan nan kowa sai da ya yi dariya har da babanta. Ta ƙwace cokalin, ta shafa a kai, ta shafa a kunne, tana gwaranci tana buga ƙafa. Rabi a ciki, rabi a riga, ban damu ba, wanki ne kawai. Wannan zamani gajere ne, kafin ki ankara ya wuce rarrafe ya fara tatata. Mai ɗura ba ta ganin komai a ciki sai kokawa, yaron kuma da ya hango kofi sai ya fara ihu.

Za a ce haka aka yi mana muka rayu. Iyayenmu ina girmama ku, da abin da kuka sani kuka rene mu, Allah Ya saka da alheri. Amma ki zauna da Inna ko Goggo ki tambaye ta nawa ta haifa, nawa suka tsaya. Za kuma a ce cokali cin lokaci gare shi, ga surfe ga ɗiban ruwa ga girki. Wannan gaskiya ne, kuma a nan maza za ku shigo. Malam, riƙe ɗanka ka ba shi kunu bai rage maka komai ba. 'Ya'ya amana ne, za a tambaye mu. Alƙur'ani ma shekara biyu ya ambata ga mai son cika shayarwa, mu ke gaggawa.

In yaro ya ƙi ci yau, a ƙyale shi a sake gwadawa anjima. In kuwa ƙin cin ya daɗe yana ramewa, ɗura ba za ta gyara ba, a kai shi asibiti a auna damtsensa da ɗan tef ɗin nan. In ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani kuma tana da magani. Wadda ta karanta wannan, don Allah ta karanta wa maƙwabciyarta da ba ta da waya.