Tururuwar da ke gonarmu, an rubuta ta?

Yau kan tururuwa za mu tsaya, wannan mai jan ƙwayar hatsi da irin ciyawa zuwa raminta. Masana na kiran wadda ta fi yawa a yankin Sahel Messor galla. Gustav Mayr, wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, shi ya raɗa mata suna a 1904, daga samfurin da aka kamo a ƙasar Habasha. Daga baya an kamo ta a Senegal, Mali, Burkina Faso, Gana, Najeriya, Sudan da Kenya.

Yadda aikin yake, mai bincike zai kama 'yan kaɗan, ya zuba su cikin kwalba mai alkol, ya rubuta sunan gari da ranar da ya kama. Kowane kamu ɗigo ɗaya ne a kan taswira. To kun ga ke nan taswirar tana nuna inda mai bincike ya taka ne. Garin da bai je ba, ko tururuwa ta cika shi, a takarda babu ita.

Nijar na cikin ƙasashen da aka yi wa ƙaramin bincike ta wannan fanni. A 1947 Faransawa biyu, Chopard da Villiers, sun tattara ƙwari a duwatsun Abzin, aka buga sakamakon a 1950. Amma mu nan kudu, Maraɗi, Damagaram da Tawa, wa ya fi mu saninta? Mun san hanyarta, mun san yadda take kwashe iri bayan shuka. Ba mu manta da 2005 ba, lokacin da yunwa ta sa mata tonon gidan tururuwa don neman abin sa wa a tukunya.

Wannan sani a bakin tsofaffi yake, kuma tsofaffin suna tafiya. In fari ko maganin feshi ya rage ta a wani yanki, da me za a gwada in ba a rubuta ba tun farko?

Muna da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, da André Salifou a Damagaram, ga kuma INRAN. Ɗalibai, salula na hannunku. Ku ɗauki hoto, ku rubuta gari da rana, ku tambayi tsoho sunan da ake kiranta a garinku. Ku ma masu sauraro, ku faɗa mana: irin tururuwa nawa kuka sani a karkararku?

Allah ya ba mu damina mai albarka.