Fitilar da ba ta runtse ido

Wata Alhamis cikin damunar bara muka baro Ijebu-Ode bayan sallar magariba, mun cika Golf ɗinmu da goro har kujerar baya, ɗan ƙaninmu ne a kan sitiyari. Duk wanda ya san wannan hanya ta Idi-Ayunre ya san yadda take: siririya, daji hagu da dama, ga kwana-kwana, babu abin da ya raba mai zuwa da mai dawowa sai ikon Allah. Tun da duhu ya shiga, kowace mota ta tunkaro mu sai ta ƙifta mana fitila. Wasu ma su sakar mana ful gaba ɗaya har mu wuce. Yaron ya ce, "Baba, wallahi a dim nake." Muka leƙa, da gaskiyarsa. Sai muka kama faɗa a cikin mota, direbobin yanzu ba su da tarbiyya, ba su san haƙƙin mutane ba. Har da kawo nassi, ku ji fa.

Ba mu kai New Garage ba wani dattijo Bayarabe a kan babur, da ɗaurin rogo a baya, ya tunkaro mu a wata kwana. Muna kallo ya ɗaga hannu ɗaya ya kare fuskarsa, babur ya kwace, ya gangara kwata. Ba mu taɓa shi ba, ko fentin motar bai goga ba. Da za mu wuce babu wanda zai ce mu ne. Allah Ya sa muka tsaya. Ƙashin kafaɗa ya karye, gwiwa ta kuje. A hanyar asibiti abin da yake ta maimaitawa da Yarbanci shi ne bai ga komai ba sai fari, hanya ta ɓace masa.

Mun biya kuɗin magani, iyalinsa kuma suka yi mana karamcin da ba mu zata ba. Amma a daren nan barci bai zo ba. Mu da muke zaune a ƙasar mutane mun san yadda ƙaramar magana take girma. Rikicin Shasha na watan Fabrairun 2021 daga cacar baki ya faro, kowa ya ga inda ya ƙare. Da dattijon nan ya cika, labarin da zai iso gari kafin asuba shi ne Bahaushe ya kashe mutum a hanya, ba wanda zai tsaya tambayar fitila.

Washegari muka kai motar wajen wani tsohon rewaya, muna ƙorafin ko kwan fitilar ne ya yi ƙarfi. Bai ce komai ba sai da yamma ta yi. Ya sa muka fuskantar da motar ga katanga, ya kunna dim, ya ja layi da alli a inda hasken ya yanke. Sannan ya kira yaransa uku suka hau but suka zauna. Muna tsaye hasken ya tashi ya bar layin nan, ya hau katanga. Ya juyo ya ce, "Alhaji, goronku ke nan."

Lissafin ba shi da wuya, ko mu da ba mu yi boko mai zurfi ba mun gane shi. An yi dim ne ya sunkuya kaɗan, kusan santimita 1 a kowace mita 1. Wannan shi ne 1.0% ko 1.2% da ake bugawa a jikin gidan fitila, wanda muka daɗe muna gani muna zaton lambar kamfani ce. Fitilar da take santimita 65 daga ƙasa, in ta sunkuya haka, haskenta zai sauka a kwalta wajen mita 65 a gaba. Tsakanin tayar gaba da ta baya a ƙaramar mota kusan mita biyu da rabi ne. To in kaya ya danne baya da faɗin yatsu uku kawai, wato santimita 5, hancin mota ya ɗaga da kashi 2 cikin 100. Sunkuyon nan ya tafi, har da ƙari. Hasken ba zai ƙara taɓa ƙasa ba, idon mai zuwa yake nema. Shi kuma direba yana ganin kansa a dim, yana zagin masu ƙifta masa. In shokazoban baya ya mutu, kamar yadda na yawancin motocin kayanmu suka mutu, abin ya fi haka.

Abin kunyar shi ne Turawan da suka ƙera motar sun yi maganin wannan tun a can. Kusa da makunnin fitila akwai wata 'yar taya mai lamba 0, 1, 2, 3. Sifili na mota ba kaya, uku na mota ta yi dam. Shekara shida muna da motar nan muna ɗauka ta rage hasken dashbod ce. Ku je ku duba taku, yawancin motocin da suka fito daga Turai suna da ita. In kun juya ba ku ga haske ya motsa a bango ba, ɗan injin da ke cikin gidan fitilar ya mutu, sai a koma ga sukurori.

Saitin sukurori kuwa ba sai an biya kowa ba. Ana son wuri mai shimfiɗe, ba gangare ba, da katanga, da dare. A fara zuwa wajen mai faci a daidaita iskar tayoyi huɗu, a sauke kaya, a mayar da 'yar tayar nan kan sifili, mutum ɗaya ya zauna a kujerar direba. A matso da mota dab da katanga, a sa alamar alli daidai tsakiyar kowace fitila, tsayinta da inda take. Sai a ja baya a miƙe, mita 10 cif, da tef za a auna, ba da taku ba. A kunna dim. Layin da haske ya yanke ya kamata ya faɗi santimita 10 zuwa 12 ƙasa da alamar. A buɗe bonet, bayan kowace fitila akwai sukurori biyu, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama. Mutum ya tsaya gaban fitila ɗaya ya tare ta, a gyara ɗayar, a juya kaɗan-kaɗan ana kallon bango. Kada a lulluɓe ta da tsumma a manta, zafi yana lalata robar.

A nan ne za ku ga wani abu da ya kamata a lura. Layin hasken ba miƙaƙƙe ba ne har ƙarshe. Ta hagu a kwance yake, ta dama sai ya ɗaga sama kamar gwiwar hannu. An yi haka don ya haska bakin hanya, inda masu tafiya a ƙasa da allunan hanya suke, ya kuma kauce wa idon mai zuwa ta hagunmu. Nijeriya ta koma tuƙin hannun dama a 1972. Amma har yau ana shigo da motocin Ingila da Japan, inda ake bin hagu, a mayar da sitiyari, a bar fitilu yadda suka zo. Irin wannan mota haskenta ta hagu yake ɗagawa, kai tsaye cikin idon mutane. Babu sukurun da zai gyara ta, sai an canja gidan fitilar. Cikin motoci tara da muka gwada a unguwar nan, biyu haka suke, kuma masu su ba su taɓa sani ba.

Sai maganar farin kwan nan na LED da samarinmu suke rububi. Ba mu ce haram ne ba. Amma madubin da ke cikin tsohon gidan fitila an ƙera shi ne don 'yar wayar da ke cikin kwan asali, a daidai wurin da take. In aka cusa wani kwan da haskensa ke fitowa daga wani wuri, sai ya watse ko'ina. A bango za a gane: babu layi, sai fari kawai ya baje. Mai motar yana murna wai ya ga hanya, gaskiya gaban bamba kawai ya ƙara haske, nesa kuwa ba ta ƙaru ba. Haka kwan da aka saka a karkace, da gilashin da ya yi jawur saboda rana.

A cikin hadisin haƙƙin hanya da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Sa'id al-Khudri, abu biyu na farko da aka lissafa su ne runtse ido da kame cutarwa. Mun karantar da shi ba adadi, kullum muna fassara shi a kan samari masu zaman dandali da 'yan matan da ke wucewa. Ba mu taɓa kawo motarmu a ciki ba. Ranar da muka faɗi haka bayan sallar isha'i wani ya yi dariya ya ce Malam ya koma bakanike. Wani kuma ya kawo hujjar da ta fi ƙarfi: in shi ya sunkuyar da tasa, tirela da tanka ba za su sunkuyar ba, shi ne zai makance. Mun yarda akwai gaskiya a ciki. Abin da muka ce masa shi ne in mai zuwa ya makantar da kai, ka rage gudu ka bi gefen dama da ido. In kai ma ka makantar da shi, makafi biyu ne za su haɗu a kwana, kowa da lodinsa.

Layukan allin suna nan a katangar bayan Islamiyya, mun sake su da fenti don ruwa kada ya wanke, kuma mun kafa dutse a mita 10. Tef da sukundireba suna wajen ladan. Masu zuwa gida biki ko ta'aziyya ta hanyar Oyo da Ogbomosho, ku riƙa zuwa bayan kun gama lodi, ba kafin ba. Dattijon nan ya warke, sai dai hannun ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa, ɗansa ne yake kai rogon kasuwa yanzu.