Kwana Shida a Hanyar Mambila

Litinin

Mun bar Jalingo bayan sallar asuba, ni da ƙanena da direbanmu, wani dattijo haifaffen Gembu. Kafin ya tayar da mota sai da ya duba man birki da ruwan lagireto, sannan ya ɗora jarka biyu cike da ruwa a baya. Na tambaye shi kilomita nawa ne tsakaninmu da Gembu. Ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, mu a can ba ma ƙirga kilomita. Awa muke ƙirgawa, ita ma sai mun ce in Allah ya yarda."

Mun wuce Garba Chede, muka ci tuwo a Bali. Daga nan duwatsu suka fara leƙowa ta gabas, shuɗi-shuɗi kamar hadari. La'asar sakaliya muka shiga Serti, duk mun yi buɗu-buɗu da ƙura.

Talata

A Serti ake neman izinin shiga gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991. Shi ne mafi girma a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. Aka haɗa mu da wani jami'in gandu mai bindiga a kafaɗa, wanda magana ba ta dame shi ba. Da yatsa yake nuna komai: ga sawun ɓauna, ga garken bika sun tsallaka hanya ko a jikinsu, ga wani biri baƙi mai farar jela can ƙololuwar bishiya.

A bakin kogin Kam muka yi zaman kusan awa guda muna jiran dorina. Abin da muka samu kunnuwa biyu ne da hanci, sai wani huci da ya sa ƙanena ya ja da baya har ya taka ni. Wajen tsallake wani rafi kuma na raina santsin dutse, na zauna daɓas cikin ruwa da waya a aljihu. Jami'in ya miƙo mini hannu bai ce uffan ba. Ƙudan tsando kuwa sun yi walima a wuyana.

Da yamma na tambayi jami'in labarin Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a ƙasar nan, mita 2,419, a kan iyakar Kamaru. Ya ce tafiyar kwanaki ce a ƙafa, da 'yan dako da guzuri. Ya dubi tumbina, ya dubi takalmina. Na gane amsar.

Laraba

Yau ce ranar hawa tudun Mambila. A Mayo Selbe, gindin dutsen, direba ya tsaya ya bar injin ya huce, muka sayi ayaba. "Mayo" kogi ne da Fulatanci, kuma daga nan zuwa sama Fulatanci ne yaren kasuwa, ko da yake Hausa ma tana fitar da mutum.

Ni ɗan fili ne. Inda na tashi, in ka tsaya a bayan gari kana hango mai keke tun yana ɗan ɗigo. Ban taɓa sanin hanya za ta iya naɗe kanta kamar gammo ba. Kwana na bin kwana, dutse a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuwa rami ne da ba ka son leƙawa amma idonka ya ƙi bari. Motar tana giya ta ɗaya tana gurnani, direba yana danna ham kafin kowace kwana, don ba ka ganin mai saukowa sai kun yi kiciɓis. Mun wuce wata babbar mota da ta gaza, yaran motar sun sa mata duwatsu a bayan taya suna dafa shayi a gefe, alamar ba yau suka fara kwana a nan ba. Kunnuwana suka toshe. Ƙanena, wanda tun Jalingo yake zuba, ya koma salati ƙasa-ƙasa.

Sau ɗaya lagireto ya tafasa. A nan na san amfanin jarkokin.

Sai kawai hanya ta miƙe, iska mai sanyi ta shigo ta taga, muka ga kanmu a wata duniya. Tuddai ne jere har iyakar gani, lulluɓe da ciyawa, babu ƙaya babu sabara, sai layukan itacen turare da aka dasa da shanu manya-manya suna kiwo. Tudun Mambila yana kan tsayin kusan mita 1,600, kuma sanyin nan ne ya hana ƙudan tsando zama, shi ya sa Fulani suka riƙe wurin. A Mai Samari na sayi rigar sanyi ta gwanjo, ni da na yi wa direba dariya da ya ce in taho da bargo. A Nguroje muka kwana. Alwalar isha'i sai da aka ɗumama mana ruwa.

Alhamis

Da safe hazo ya rufe gari, ba ka ganin katangar maƙwabci. Da ya yaye muka nufi dajin Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa. Kurmi ne da ya maƙale a gangaren kwari, ragowar irin dajin kan dutse da ya yi ƙaranci a Afirka ta Yamma, kuma masu bincike daga wata jami'a ta New Zealand sun daɗe suna aiki a cikinsa tare da 'yan ƙasa. Jagoranmu ya girme ni nesa ba kusa ba, da takalmin roba da lema a hannu. Ya ce wurin "nan kusa ne".

Gangarawa daɗi. Ciki duhu-duhu, ƙasa da danshi, gansakuka a jikin kowane itace. Ya nuna mana wani tarin ganye da rassa can sama, ya ce shimfiɗar birin cimfanzi ce, kullum da yamma sabuwa yake yi. Birin kansa ba mu gan shi ba, kuma ban ji haushi ba.

Hawowa ce ta tona mini asiri. Taku ashirin, in tsaya in dafa gwiwa. "Sannu, Alhaji, saura kaɗan," in ji jagora, har sau biyar. Abin da ya kira kusa ya ci mana awa huɗu.

Juma'a

Mun biya ta Kakara, gonar shayin da ake sayarwa da sunan Highland Tea. Mata da kwanduna a baya suna tsinkar toho, ganye biyu da ɗan kan da bai buɗe ba. Shekara nawa ina shan shayi a teburin mai shayi ban taɓa ganin itacensa ba, ashe bai wuce ƙugu ba, don kullum aske shi ake yi.

A Gembu muka yi sallar Juma'a. Wani tsoho da muka zauna da shi bayan an idar ya tuna mini dalilin sunan ƙaramar hukumar, Sardauna. Yankin nan Jamus ta fara riƙe shi, sannan Ingila ta karɓa amana, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 mutanen Arewacin Kamaru da ke hannun Ingila, har da na yankin nan, suka zaɓi Najeriya, aka sa wa lardin sunan sarautar Ahmadu Bello. Na kawo zancen tashar lantarki mai megawat 3,050 da aka daɗe ana cewa za a gina a nan. Ya ce tun yana da baƙin gemu yake jin labarin.

Da la'asar muka sauka bakin kogin Donga, muka shiga kwalekwale tare da babur biyu da buhunan masara. Na riƙe gefen jirgin da hannu bibbiyu har muka kai gaci.

Asabar

Sauka ta fi hawa tsoro. Direba ya bar motar a ƙaramar giya, ya ce mai dogara da birki kaɗai a nan ba ya kai labari gida. Duk da haka a tsakiyar gangara muka ji ƙaurin birki, muka tsaya rabin awa. A Mayo Selbe zafi ya tare mu, na tuɓe rigar gwanjon na cusa a jaka tare da kwalin shayi da piya.

Ƙanena ya tambayi direba saura kilomita nawa zuwa Jalingo. Na ce masa, "Kai dai tambayi awa."