Ranar da Inna Ta Kira Sunana

Ni ce 'yar farin Inna, kuma tun da na yi wayo a gidanmu na Gusau ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana nemana sai ta ce "ke", ko ta ce wa ƙanwata "kira yayarki". Wata Juma'a da la'asar, tsakar gida cike da matan da suka zo karɓar turaren biki, sai ta ɗaga murya ta kira ni da sunana na yanka, har sau biyu. Wuri ya yi tsit. Ita kuwa ko a jikinta.

Kafin ranar akwai abubuwan da muka gani muka wuce su. Sana'ar Inna turaren wuta ce, ta fi shekara talatin tana yi. Ba ta da ma'auni sai hancinta: ta jiƙa hawi da sandal, ta daka kajiji, ta soya farce, ta narka sukari, ta sunkuya kan tukunya sau ɗaya ta ce a sauke. Sai masu saye suka fara dawo da kwalabe, wai ya yi ƙauri. Tuwo ya kama a tukunya tana zaune kusa da murhu, maƙwabta suka ji, ita ba ta ji ba. Muka ce mura ce. Daga nan matar da ke riga ladan tashi ta koma zaman tabarma tana kallon bango. A gaya mata haihuwa ta ce "to", a gaya mata rasuwa ta ce "to".

Kawu ya ce kewar Baba ce, don bai daɗe da rasuwa ba. Gwaggo ta ce iska ce. Aka yi ruƙiyya, aka sha rubutu, aka yi hayaƙi. A wani ƙaramin asibiti kuma an yi mata maganin maleriya da taifot har sau uku. Ban raina addu'a ba, da ita muka tsaya da ƙafafunmu. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne wata goma sha takwas muka yi muna kallon canjin halinta, wasu na cewa tsufa, wasu na cewa ta zubar da kara, babu wanda ya kawo a ransa cewa hali ma yana da mazauni a cikin ƙoƙon kai, kuma ciwo na iya danne shi.

Ido ne ya tona asirin. Ta kasa zura zare a allura, ga ciwon kai da ke tashinta da asuba, wani lokaci har da amai. Likitan ido ya haska cikin ƙwayar idonta ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce jijiyar gani ta kumbura, alamar wani abu na matso ta daga ciki. Sai ya tambaye ta: "Mama, kina jin ƙamshi?" Ya toshe mata hanci ɗaya ya miƙa sabulu, ya toshe ɗayan. Ta girgiza kai. Duk yawonmu babu wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya.

Ya tura mu Sakkwato, cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da takardar hoton MRI. Na cire mata 'yan kunne da zobe, don na'urar maganaɗisu ce mai ƙarfi. Ta kwanta cikinta fiye da rabin awa, ƙara kamar injin niƙa, a tsakiya aka yi mata allurar ruwan da ke sa ƙari ya fito fili. Da likita ya ɗora hoton, ko ni da ban san komai ba na gan shi: fari fat, dunƙule kamar babban lemon tsami, a bayan goshi, daidai saman hanci.

Sunansa meninjiyoma. Likitan ya zana mana a takarda. Ƙarin ba daga naman ƙwaƙwalwa ya tsiro ba, daga tantanin da ya lulluɓe ta ne, kuma ya fi kama mata. Na Inna ya fara daidai inda jijiyoyin jin ƙamshi ke kwance, shi ya sa hanci ya riga komai tafiya. Ya yi shekaru yana girma a hankali har ya danne gaban ƙwaƙwalwa, inda himma da kunya da sanin ya kamata suke, sannan ya kai ga jijiyoyin gani. Ya ce mafi yawan irinsa ba ciwon daji ba ne, amma tabbaci sai an fitar da shi an gwada.

Kawu ya miƙe ya ce ba za a fasa kan 'yar'uwarsa a nan ba, in ma ya zama dole a kai ta Masar ko Indiya. Likitan bai yi fushi ba. Ya ce: "Alhaji, tun 1962 Farfesa Latunde Odeku ya buɗe sashen wannan tiyata a Ibadan, aikin ba baƙo ba ne a ƙasar nan." Bai ɓoye mana haɗarin ba: zubar jini, farfaɗiya, ruwan ƙwaƙwalwa ya riƙa ɗigowa ta hanci, har mutuwa. Ƙanena ya sayar da filinsa, samarin gidanmu uku suka ba da jini. Kawu da kansa ya sa hannu, hannun na rawa.

Kwanakin jira an sa ta a kan deksametason don rage kumburi, da maganin hana farfaɗiya. Cikin kwana uku ciwon kai ya lafa, har Gwaggo ta ce ai ta warke, mu koma gida. Nas ta ce mata kumburin ne ya sauka, ƙarin yana nan.

A barandar masu jinya na saba da wata mata daga Birnin Ƙonni. Ɗanta ƙarin a lakarsa yake. Ya fara da ciwon baya da ke tsananta da dare, sai ƙafafu suka yi nauyi, sai fitsari ya ƙi riƙuwa. Sun shekara wajen masu sakiya da tsaga. An cire ƙarin, amma lakar ta daɗe a danne, har muka bar asibitin yatsun ƙafa kawai yake motsawa. Uwar tana murza masa ƙafafu safe da yamma.

Tiyatar Inna ta ci awa bakwai. An yanka ta cikin gashi daga kunne zuwa kunne, aka ɗaga ƙashin goshi, aka ciro ƙarin guntu-guntu, aka mayar da ƙashin mazauninsa. Na gan ta a ɗakin kulawa ta musamman, kai a naɗe, idanu sun kumbura sun rufe. An hana ta fyace hanci, salla kuma sai a zaune ba sujada. Bayan mako biyu sakamakon gwaji ya fito: mataki na ɗaya cikin matakai uku da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa irin wannan ƙari, wato mafi sauƙi. Aka ce mu riƙa dawowa hoto, don yakan sake tsirowa.

Ganinta ya dawo, ban da ɗan hazo a idon hagu. Hali kuwa a hankali ya riƙa dawowa. Wata safiya a wata na biyu ina shara a ƙofar ɗakinta, na ji ta ce wa ƙanwata: "Ce wa yayarki ta kawo mini ruwan alwala." Na ajiye tsintsiya na shiga bayan ɗaki na yi kuka.

Hancin bai dawo ba, kuma likita ya faɗa mana tun farko da wuya ya dawo. Yanzu da gwangwanin madara take awon kayan turarenta. In tukunya ta ɗau zafi sai ta kira babbar 'yata ta ce ta sunkuya ta shaƙa, ita kuma tana kallon fuskar yarinyar, daga nan take sanin lokacin saukewa.