Injin Gwajin Kaki da Zafin Sakkwato

Shekarun da na yi a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, yawancinsu a kan tarin fuka suka ƙare. A zamaninmu mai tari zai taso daga ƙauyukan Boɗinga ko Shagari, mu karɓi kakinsa har sau uku, mu shafa a gilashi, mu rina, mu duƙufa kan madubin likita muna neman ƙwayoyin nan da Robert Koch ya gano a 1882. In ba su da yawa, ido ba ya kama su. Sai bawan Allah ya koma gida da takardar cewa lafiyarsa lau, yana ta tari cikin iyalinsa. Wannan ya daɗe yana ci mini rai.

Shi ya sa na yi farin ciki da injin GeneXpert, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a Disambar 2010. Cikin awa biyu yake gano cutar, har ya faɗa maka ko ta daina jin maganin rifampicin, abin da madubi bai taɓa iyawa ba.

Sai dai injin nan ɗan gata ne. Ba ya son zafin ɗaki ya wuce digiri 30, mu kuwa bazararmu tana haura 40. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar gwaji, an yi asarar katirij ɗin gwajin da kakin mara lafiya. Inda babu injin kuma, sai a ɗora kakin a kabu-kabu zuwa wani gari, kafin sakamako ya dawo mai shi ya gaji da jira ya koma wurin mai maganin gargajiya. Duk hukumar da za ta kawo inji, ta fara kawo sola da na'urar sanyaya ɗaki, ta kuma horar da mai gyara. Wani injin mai suna Truenat, da aka amince da shi a 2020, da batir yake aiki kuma ya fi jure zafi. Ina ganin shi ya fi dacewa da ƙananan asibitocinmu.

'Ya'yana masu wannan aiki, kada ku kulle madubi a kabad. GeneXpert ba ya bambanta ƙwaya mai rai da matacciya, don haka ba a bin diddigin magani da shi. A ƙarshen wata na 2, da na 5, da na 6 na shan magani, gilashi da rini ne za su nuna muku ko mara lafiya yana warkewa.