Shekarar da Shamuwa Ta Riga Damina

Bara da bazara na tafi hutu ƙauyenmu, arewa da Kazaure. Gonarmu ba wata babba ba ce. In damina ta yi kyau mu kan ɗaure dami 40 na gero, ban da ɗan wake da gyaɗa. Da shi a ke ci, a cikinsa kuma a ke fid da kuɗin makarantata.

Mai karatu, in kai ɗan ƙauye ne ka san bazara. Rana kamar ta fasa kai, rijiya ta yi ƙasa, kaji sun saki baki a gindin rumbu, shirwa na shawagi tana jiran ɗan tsakon da ya yi sake. Mun share gona, mun kai taki, sai jiran sama.

Ran nan da hantsi yara suka ɓarke da ihu, wai shamuwa ta sauka a kan tsamiyar ƙofar mai unguwa. Baba ya fita ya duba, ya dawo ya ce wa Inna, "To, a fito da iri."

Ni kuwa ɗan karatun nan ya motsa. Na san shamuwa ba ta kawo ruwa, bin sa ta ke yi. Sa'ad da mu ke rani tana can kudancin Afirka inda a ke damina, tana cin fara da tsutsa, sa'an nan ta biyo hadari ta zo nan ta yi sheƙa. In ruwa ya ɗauke, ita tana da fiffike, ta tafi kiwo fadama. Gero fa? Na ce, "Baba, da an ɗan dakata."

Ya ce, "Kai da ka ke karatun Hausa, yaushe ka koma malamin sama?"

A ƙarshen watan Mayu aka yi ruwa cikin dare. Da asuba Baba na gaba da sungumi, mu muna biye muna zuba iri muna takewa. Fakara da kurciyoyi suka tone rabonsu, sauran ya tsiro tsaf cikin kwana huɗu.

Daga nan sama ta kame har kwana 19. Kullum da la'asar hadari ya haɗu a gabas baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya, sai iska da ƙura, shi ke nan. Shuka ta nannaɗe ganye, ta yi ja, ta kwanta. Aka fita roƙon ruwa. Kaka ta shiga ba mu labarin farin 1973, yadda shanu suka riƙa faɗuwa a bakin hanya. Ita kuwa shamuwa tana bisa tsamiya tana kwancin ƙwai, ko a jikinta. Wallahi na ji haushin tsuntsuwar nan, ko da ya ke a garinmu ba mai jifanta. Gaskiya kuma, a raina har da ɗan daɗin cewa maganata ta fito. Allah ya yafe mini.

Da ruwa ya dawo cikin Yuni na tambayi Baba wace akuya za a kai kasuwa a sayo iri, don na san akuyar kuɗin rajistata ce. Bai ce uffan ba. Ya shiga ɗakin Inna ya fito da tukunya an liƙe bakinta da laka. Ashe rabin irin kawai ya shuka. Ya ce daminarmu gajeriya ce. Wanda ya jira tabbas, ruwa ya ɗauke masa gero na cikin fidda kai. Watau shi ma bai taɓa ba shamuwa amana duka ba.

Muka sake shuka tudun gonar. Amma can kwari, inda damshi ke daɗewa, shukar farko ba ta mutu ba. Ita ta fara nuna cikin Agusta, daidai lokacin da rumbunmu ya ƙare. Ina makaranta ƙanena ya zo da tumu shida a buhu, ya ce Baba ya ce a kawo wa malamin sama.